Rabin Kilo na Goji

Lahadi, da yamma

Yau na ga Auta. Tun ranar da 'yan sanda suka tafi da shi daga garejinsu, sai yau aka bar ni na shiga gidan yarin. Ba zan rubuta abin da suka ce ya yi ba, don in na rubuta kamar na yarda ne. Lauya ya ce in yi haƙuri. Shi dai lauyan nan haƙuri ba ya ƙare masa, kullum sai ya ba ni in tafi da shi gida.

Ɗakin ziyara dogo ne, benci ta nan, benci ta can, ragar ƙarfe a tsakani. Fanka ɗaya ce, ita ma a kan ma'aikata take juyawa. Na kai masa shinkafa a kula da magungunansa a jaka. Mutumin da ke tagar karɓar kaya ko buɗe kular bai yi ba. Ya ce ba a shiga da dafaffen abinci, ba a shiga da magani, suna da ɗakin maganinsu. Na ce, "Ranka ya daɗe, ƙanena mai sikila ne, tun yana ƙarami bai taɓa kwana bai sha ba." Ya ce, "Hajiya, kowa a nan da ciwonsa." Abin da aka yarda kawai shi ne leda ɗaya a sati, busasshen abu, liƙin kamfani, da sitika a jiki, kuma kada ta wuce rabin kilo.

Auta ya rame. Yana ganina ya washe baki ya ce, "Yaya, kin yi ƙiba. Ashe ni nake cinye miki abinci a gida." Ƙato da gemu, amma bakin nan nasa har yau bai girma ba. Na duba farin idonsa yadda Umma ta koya mini tun muna yara. Ya ɗan soma yin rawaya.

Umma ta san dai ya samu aikin gyaran janareta a wani waje mai nisa da babu sabis. Ni na tsara mata haka, saboda hawan jininta. Na dawo da shinkafar, muka ci tare.

Litinin, bayan an tashi aiki

Ikon Allah, wai busasshen abu mai liƙin kamfani. To ni mene ne aikina in ba shi ba? Tun safe har yamma ina tsaye a ɗakin ɗura kaya, hula a ka, safa a hannu. Anti Sikeli ta auna, ta turo mini, in sa bakin ledar a inji, in taka, in manna sitika, in tura gaba. Dabino, zabibi, kashu, almon. Shekarun nan duka ina manna sitikar nan, wallahi ban taɓa karanta abin da ke jikinta ba.

Yau na karanta duka. Rabin kilo ne kawai tsakanina da Auta a sati, dole in san me zan zuba a ciki. Zabibi kusan duk sukari ne. Kashu da almon suna riƙe ciki. Sai goji, 'yan jajayen 'ya'yan itacen nan sirara da ake kawo mana busassu a manyan buhuna, waɗanda Manaja ke cewa a bi a hankali, na 'yan gayu ne. Sitikarsa ta fi ta kowa tsawon magana. Akwai furotin, akwai bitamin A mai yawa, akwai abin da ke gyara ciki, akwai sinadarin ƙarfe. Da na ga ƙarfe sai murna ta kama ni. Ƙarfe ai shi ne jini.

Anti Sikeli ta kama ni ina karatu. Babbar mace ce, ta kusa haihuwata, kuma ba abin da ke wuce idonta. Ta ce, "Ke 'yar nan, jarrabawa za a yi miki a kan zabibi? Taka injin nan, layi ya taru." Na taka.

Laraba, da safe

Ban yi barci sosai ba. Ƙafafuna na ciwo.

Lahadi, da yamma

Na sayi leda ɗaya ta goji a farashin ma'aikata, duk da haka sai da na ji a jikina. Mai Taga ya ɗora a sikelinsa, ya bi liƙin da babban yatsa, ya leƙa 'yar tagar da ke gaban ledar, ya girgiza, ya miƙa ciki. Liƙina ne. Ban taɓa alfahari da aikin nan ba sai yau.

Auta ya juya ledar ya ce, "Yaya, abincin tsuntsu kika kawo min? Barkono ne ko me?" Na ce ya ci tafin hannu ɗaya safe da yamma, yana ƙara jini, kuma ya dinga shan ruwa kamar raƙumi. Ya ce ruwan sai an ga dama ake kawowa. Na tambaye shi ɗakin maganin nasu. Ya ce ya je, an ba shi farasitamol biyu an ce ya rage tunani.

Ya yi dariya da ya faɗa. Ni ban yi ba.

Talata, da rana

Umma ta sa na wanke zanin gadonsa, wai kada ya dawo ya tarar da ƙura. Ɗakin na nan yadda ya bar shi, waya da sukurudireba a kan katifa, takalmi ɗaya a ƙofa ɗaya a ƙarƙashin gado. Magungunan da aka hana ni shiga da su na mayar cikin durowarsa. Ƙananan nan rawaya na kullum, da farare masu ƙarfi da likita ke rubuta masa don ranar da ciwon ya tashi. Na buɗe durowar na rufe, na sake buɗewa na rufe.

Umma ta ce, "Yaron nan ko gaisuwa? Ko a bishiya ai ya hau ya nemi sabis." Na ce aiki ne ya yi masa yawa. Ta dube ni har sai da na tashi na ɗora ruwan shayi.

Alhamis, da yamma

Na nemi izini na je asibitin sikila wajen Sistar da ta san shi tun yana makaranta. Na tafi da sitikar goji a jaka kamar wata shaida. Ta sa tabarau ta karanta, ta ce abinci ne mai kyau, ba laifi ya ci, zai ɗan riƙe shi. Sai ta ajiye ta ce, "Amma ƙanwata, mai sikila ba ƙarancin ƙarfe ke cinye masa jini ba. Jinin ne ke farfashewa. Ko buhu ya cinye, ba zai tsaya a madadin maganinsa ba. Yana ina ne wai? Ya tsallake ranar ganin likita."

Na ce ya yi tafiya. Ta ce in ciwon ya tashi a inda babu maganin zafi, babu ƙarin ruwa, abin ba wasa ba ne. Na tambaya ko za a rubuta mini wani in aika masa. Ta ce fararen nan ba a rubuta su sai likita ya ga mai ciwon da idonsa.

A cikin motar haya na yaga sitikar ƙanana-ƙanana. Na ji haushinta kamar mutum ce ta yaudare ni, alhali ba ƙarya ta yi ba. Ni ce na karanta abin da nake so.

Juma'a, da safe

Ɗura, taka, manna. Ɗura, taka, manna. Ɗakin nan ba shi da taga, yau na lura.

Lahadi, da yamma

Bai yi mini tsiya ba yau. Ya zauna a karkace, yana riƙe da gwiwarsa ta hagu. Idon ya ƙara. Na ce ciwon ne? Ya ce a'a, kwanciyar siminti ce. Ni zai yi wa ƙarya, ni da na goya shi.

Ya ce gojin ya yi farin jini a ɗakinsu, akwai wani tsoho mara haƙori da ke jiƙawa a ruwa yana tsotsa. Na ce, "Au, rabawa kake?" Ya ce, "Yaya, ya zan ci ana kallona?"

Ban san lokacin da bakina ya faɗa ba. Na matsa jikin ragar na ce, "Na sati mai zuwa kada ka ba kowa. Ko tsohon. Ka ci kai kaɗai, kuma ka duba kafin ka tauna." Ya ɗago ya kalle ni. Auta ba ya buƙatar a maimaita masa magana. Ya ce, "Yaya, kar ki jawo wa kanki." Amma na ga yadda kafaɗarsa ta sauka, kamar an sauke masa kaya. Yana so. Zafin ya kai inda yake so.

Litinin, da yamma

In na ɓoye maganin a cikin ledar Mai Taga ya gano, an hana ni ziyara, ƙila ma a ba ni benci ta can ɓangaren. In ban kai ba kuma, ban san wane Auta zan tarar ba. Na juya ta nan na juya ta can, babu ƙofa. Tsoro nake ji, tsoro sosai.

Umma ta ci abinci. Ni ma na ci.

Laraba, da safe

Goji yana da danƙo. In ka matse 'yan kaɗan a tafin hannu sai su dunƙule su riƙe juna. A wurin aiki wannan dunƙulewar matsala ce, mu ke wargaza su. Jiya na gwada a gida da ƙwayar shinkafa a tsakiya. Ba a ganin komai.

Alhamis, bayan an tashi aiki

Dole in rubuta, in ba haka ba kaina zai fashe.

Da aka fita cin abincin rana na ce cikina ba daɗi, na zauna. Na kwashe duk abin da ke durowarsa na zo da shi, rawaya da farare. Kowace ƙwaya na naɗe ta cikin goji, na jera dunƙulen a ƙasan ledar ta bayan sitika, na cika da sauran. Na rage goji daidai nauyin maganin, har allurar sikeli ta tsaya cak a rabin kilo. Na taka inji. Liƙi ya fito sumul. Na manna sitika a inda nake mannawa kullum, ko karkata babu. Na ajiye ta kusa da sauran na yau na duba, ni kaina na ce madalla.

Sai mai gadi ya leƙo ya ce ana ta kiran wayata a akwatin ƙofa, don ba a shiga mana da waya ciki. Na ce lauya ne, ƙila an sa ranar zaman kotu. Na fita da gudu. Shi ne kuwa, amma cewa ya yi an sake ɗagawa, in ƙara haƙuri. Na tsaya a jikin bango na ɗan jima ina yi masa tambayoyi kafin na koma.

Da na dawo teburin fes. Anti Sikeli tana goge hannu tana murmushi. Ta ce, "Na ga ba ki da lafiya, na kwashe miki duka na zuba a kwali. Yau kin ci bulus, sai ki saya min lemo." Kwalayen goji na yau duka an rufe an manne, an tura sito, mai sito ya sa kwaɗo.

Na ce mata na gode. Wallahi na ce na gode.

Juma'a, da safe

Motar kaya gobe da safe za ta kwasa ta raba wa kantuna.

Juma'a, da yamma

Na je sito da sunan na manta safar hannuna. Mai sito ya tsaya a kaina yana sakace. Kwalaye a jere har sun fi ni tsawo, duk iri ɗaya. Ko an buɗe mini su ma, ta yaya zan gane ta? Ai don kada a gane ta na yi ta. Da ni ragguwar ma'aikaciya ce, da sitikar ta karkace, da yanzu na san abin da zan nema.

Duk yini ina taka inji ina ganin masu sayen goji. Matan nan masu zuwa motsa jiki, masu zuba shi a madara. Ba su ne suka dame ni ba. Na taɓa ganin wata a kanti ta yaga ledarmu tun kafin ta biya, ta miƙa wa 'yarta da ke zaune cikin keken sayayya don ta yi shiru. Yarinyar tana cusawa da hannu bibbiyu. Fararen nan ko Auta da girmansa, guda ɗaya ke kwantar da shi yini guda.

Na ce wa kaina ƙila babba ne zai saya, ya ji ɗaci ya tofar. Na ce ba wanda zai san ni ce. Na ce in na yi shiru aikina na nan, injina na nan, zan nemo wani maganin ko ta wace hanya in sake liƙewa. In na yi magana kuwa, babu inji, babu magani, babu komai. Duk na faɗa wa kaina, kuma duk gaskiya ne. Amma yarinyar nan ta ƙi sauka daga keken.

Umma ta ce na yi shiru da yawa kwanan nan, ko wani ne ya ɓata min rai a wurin aiki. Na ce gajiya ce.

Asabar, da rana

Na isa sun fara lodi. Na tsaya a bayan motar na ce wa direba kada ya rufe. Ya ce, "Malama, matsa, ina da hanya." Na ce a kira Manaja.

A gaban kowa na faɗa. Na ce akwai leda ɗaya da magani a ciki, ni na sa, ban san wacce ba ce. Manaja ya cire tabarau ya mayar. Bai yi ihu ba, da ma ya yi. Ya sa aka sauke kwalayen goji duka, aka jera mu a tebur da almakashi, muna farke aikinmu da hannunmu. Anti Sikeli tana yanka tana share ido da gefen hula, ba ta kalle ni ba. Can wajen tsakiya mai sito ya matse wani dunƙule, fara ta faɗo kan tebur ta gangara.

Manaja ya kira ni ofis, ya zube su a kan takarda. Ya ce, "Ƙwaya kike safara da sunan kamfanina?" Na ce magani ne. Ya ce na wa? Na ƙi faɗa. In na ce na Auta ne, sai a tambayi inda za a kai, daga nan magana ta isa can, a hana ni ganinsa gaba ɗaya. Ya tambaya har sau uku. Ya ce don na zo da ƙafata na faɗa, ba zai kira hukuma ba, amma in ajiye hula da safa in tafi. Na ce to a ba ni maganin. Ya dube ni kamar na zare, ya share su cikin durowa ya murza makulli.

A bakin ƙofa Anti Sikeli ta biyo ni tana haki. Ta ce, "Don ubanki, me ya hana ki ce min kar in taɓa? Ni baƙuwarki ce?" Na ce ki yafe ni, Anti. Ta tura min wata leda cikin jaka, cikin waɗanda almakashi bai kai kansu ba. Ta ce, "Na biya, kar ki ce komai. Ko wane ne, Allah ya ba shi lafiya."

Ban gaya wa Umma an sallame ni ba. Ƙaryata ta zama biyu.

Lahadi, da safe

Na yi wanka na shirya. Na zauna a bakin gado da jakar a cinya. Ba na son zuwa, karo na farko ke nan.

Lahadi, da yamma

Mai Taga ya auna, ya bi liƙin, ya girgiza, ya ce, "Ke dai kayanki ba sa ba mu wahala."

An daɗe kafin a fito da shi. Wani ne ya riƙo shi har benci. Leɓensa ya bushe ya tsage, bayan hannuwansa ya kumbura, idon kuwa ba sai na duba ba. Ya ce, "Yaya," ya tsaya ya huta, sannan ya ce, "ya Umma?" Na ce lafiyarta ƙalau, tana gaishe ka.

Aka ajiye masa ledar a cinya. Bai kalle ta ba, ni yake kallo, amma yatsunsa sun sauka ƙasan ledar suna lalube a hankali, daga wannan kusurwa zuwa waccan. Kowane matsi sai ya runtse ido don zafi. Ya bi ta duka. Ya sake bi.

Ya ce a hankali, "Kin iya aiki, Yaya. Ni ma ban ji komai ba."

Na buɗe baki. Ma'aikaci na tsaye a bayansa, wani a bayana. Na so in ce masa babu, kada ya sa rai, ya koma ɗakin maganin ya yi ta ihu har su kai shi asibiti. Na ce, "Auta, goji ne." Ya gyaɗa kai yana murmushi, har da ɗan kashe min ido. Ya ce, "Na sani. Goji ne. Ni kaɗai zan ci." Na ce, "A'a, ka saurare ni, goji ne kawai." Ya ce, "To me na ce? Allah ya biya ki, Yaya. Yau zan yi barci."

Aka buga ƙarfen tashi. Ya gwada ɗaukar ledar da yatsu, ta zame. Sai ya tallafe ta da damatsansa biyu ya manna a ƙirji, wanda ya riƙo shi ya ɗaga shi. Na kira sunansa da ƙarfi har mutane suka juyo. Bai iya waiwayowa ba, amma ya ɗan ɗaga ledar sama don in ga ya riƙe ta da kyau.